TARIHIN GAMBA: CIYAWAR DA MUKA RAINA A GIDA, DUNIYA TA ƊAUKA

Gabatarwa

 

Kamar yadda masu karatu suka sani, wannan mujalla takan keɓe wasu shafuka a kowace shekara domin tarihi. A baya mun kawo tarihin sarauta, da na kasuwa, da na malaman da suka raya ilimi a garin nan. A bana kuwa mun ga ya dace mu juya ga wani abin da ba a saba rubuta tarihinsa ba, wato ciyawar nan da ake kira gamba.

Wataƙila mai karatu ya yi mamaki, ya ce ina ruwan ƙungiyar ci gaba da ciyawa? Dalilinmu shi ne, a daminar da ta gabata kwazazzabon da ke bayan gari ya ƙara lashe gonakin bayin Allah, har ya doshi tsohuwar maƙabarta. Da muka zauna da dattawa domin neman shawara, sai bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa lokacin da suke yara babu wani rami a wurin. Hanyar ruwa ce ƙarama wadda yaro ke tsallakewa, gamba kuma ta yi mata sahu dama da hagu. Wannan magana ce ta sa muka bi diddigin lamarin, sai muka tarar ashe ciyawar tana da tarihin da ya kai har bayan teku.

Gamba A Zamanin Kakanninmu

Gamba ciyawa ce mai shekara da shekaru a wuri ɗaya. Ba ta mutuwa da ɗaukewar ruwa kamar ƙarangiya ko harƙiya. Samanta ne ke bushewa, gindin yana nan da rai. Takan yi tsawon mita 3, wani lokaci har 4 idan ta sami ƙasa mai kyau. Allah Ya ba ta saiwoyi iri uku: akwai ƙanana masu yawa da ke shimfiɗe kusa da fuskar ƙasa suna shan yayyafin farko, akwai masu kauri da ke riƙe gindi suna kuma ajiye mata abinci, sannan akwai masu nutsawa can ƙasa neman laima. Da waɗannan take jure rani mai tsawo. Tana fitowa da kanta tun daga Senegal har zuwa Sudan.

Kakanninmu ba su bar ta a matsayin ciyawar daji kawai ba. Dasa ta suke yi. Idan aka raba gonar gado, ko aka yi cinikin gona, sai a sari gindin gamba ko na jema a dasa a kan iyaka a gaban shaidu. Dutse ana iya gusar da shi da dare, amma gindin gambar da ya kafu ba ya ciruwa ba tare da an ga alama ba. Shi ya sa idan rigimar iyaka ta kai gaban dagaci ko alƙali, abin da ake fara aika mutane su dubo ke nan.

Wannan iyaka tana yin wani aikin kuma wanda ba a cika lura da shi ba. Idan ruwa ya gangaro daga tudu da ƙarfi, sai ya ci karo da sahun gamba, gudunsa ya ragu, ya sauke ƙasar da ya kwaso, saura kuma ya nutse. Haka nan iskar farkon damina, wadda ke kwasar rairayi tana binne ƙaramin gero, takan rage kaifi idan ta iske gamba a tsaye. Tun da kowace gona tana da iyaka huɗu, sai ya zamana ƙasar gari gaba ɗaya a ɗaure take kamar raga.

Da kaka kuwa sai a shiga da lauje. Da karanta ake saƙa zana ta katange gida da ta rumfa, da ita ake yin rumbu a wasu wurare, daga cikinta kuma almajirai ke zaɓar mai ƙwari su fiƙe alƙalami. Ke nan allunan da malamanmu na farko suka yi karatu da su, da yawansu da gamba aka rubuta su.

Ta fuskar kiwo, darajarta tana ga lokacin da take zuwa. A ƙarshen bazara, sa'ad da harawa ta ƙare, shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, gamba ce kan fara yin toho da yayyafin farko, tun sauran ciyayi ba su tsiro ba. Abokin aikinta a wannan fage shi ne gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi ganye da rani, ya kuma zubar da 'ya'ya lokacin da dabba ta fi buƙata. Masu tarihi sun rawaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo a ƙasarsa. Wannan ya nuna cewa sarakunanmu sun san kiyaye tsirrai tun kafin a zo mana da malamin daji.

A cikin duhuwar gamba kuma makwarwa da zabin daji ke yin ƙwai, zomo da bushiya da gafiya ke samun maɓoya. Ba za mu ɓoye ba, maciji ma yakan fake a ciki, shi ya sa ba a barin ta dab da ɗakin kwana. Amma duk wanda ya yi farautar rani a ƙuruciyarsa ya san cewa inda gamba take, nan nama yake.

Zuwan Turawa Da Binciken Shika

Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Kunth shi ne ya raɗa mata sunan kimiyya, Andropogon gayanus, a 1833. Daga baya Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Abin sha'awa shi ne, har yau da sunanta na Hausa Turawan Ingilishi ke kiran ta. Duk inda masana kiwo suka ce gamba, kalmarmu suke faɗa.

A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya ɗaga hankalin hukuma da cewa hamadar Sahara tana kwararowa kudu. Wannan ya sa Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai gamsu da cewa rairayin hamada ne ke tafiya da kansa ba, ya fi ɗora laifin lalacewar ƙasa a kan sassabe da ƙona daji ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai maganin da aka fi karkata gare shi a shekarun da suka biyo baya shi ne shigo da itatuwan waje. Darbejiya, wadda asalinta ƙasar Indiya ne, an fara dasa ta a Barno a 1928. Daga baya aka kawo turare daga Ostareliya, aka yi ta jera shi a matsayin shingen kare iska. Ba mu raina inuwar darbejiya ba, amma ko ita ko turare babu wanda saniya ke ƙoshi da shi.

A ɓangaren kiwo kuwa, an buɗe gonar dabbobi ta gwamnati a Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, a 1928. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai gonar ta koma ƙarƙashin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, kafin a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI. A nan ne aka yi shekaru ana gwada ciyayin gida da na waje, gamba kuma tana cikin waɗanda suka yi fice. Binciken ya tabbatar da abin da makiyaya suka daɗe da sani: tana da amfani ƙwarai ga dabba sa'ad da take ɗanya, amma da zarar ta yi kara ta fitar da kai, sinadarin gina jikin da ke cikinta yakan ragu sosai. Saboda haka sai a yanke ta da wuri, ko a haɗa ta da harawar wake ko ta gyaɗa.

Gamba Ta Ƙetare Teku

A 1973 wata cibiyar binciken aikin gona ta duniya mai suna CIAT, da ke ƙasar Kolambiya a Kudancin Amurka, ta karɓi irin gamba daga Shika, ta ba shi lamba 621. Ƙasashen wancan yanki suna da filaye masu faɗin gaske, amma ƙasarsu mai tsami ce, marar ƙarfi, ciyayin da ke fitowa a kanta ba su ƙosar da shanu. Da aka gwada gambar Shika a tashar bincike ta Karimaguwa, sai aka ga ta jure tsamin ƙasar, ta jure rani da gobara, ba ta buƙatar taki mai yawa, wani ƙwaro kuma da ke lalata musu sauran ciyayin kiwo bai cika yi mata illa ba. A 1980 Kolambiya ta fitar da ita ga makiyaya da sunan Carimagua 1, Barazil ma ta fitar da ita a wannan shekara da sunan Planaltina. Daga nan Benezuwela da Panama da Meziko da wasu ƙasashe suka bi sahu, kowace da sunan da ta raɗa mata. Ciyawar da muke tsallakewa a kan iyakar gona ta zama hajar da ake aunawa a sikeli ana sayar da irinta.

Wani abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci mu kuma daga can muke karɓo tsiro. Tun daga 1980, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Afirka, ILCA, wadda a lokacin take da reshe a Kaduna, ta riƙa koya wa makiyaya killace fili kamar hekta 4 kusa da ruga, a shuka wani tsiro dangin wake mai suna sitailo, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, domin shanu su riƙa ci da rani. Dabara ce mai kyau, domin sitailo yana cike giɓin da busasshiyar gamba ke da shi. Sai dai mutanen can sun riƙe abin da suka karɓa daga gare mu da hannu biyu, mu kuwa mun saki namu.

Labarin Ostareliya daban yake, kuma akwai izina a cikinsa. An kai musu gamba daga Afirka a 1931, aka yi ta gwaji, har aka fitar da wani iri mai suna Kent a 1978. Amma a can babu mai yankan ta ya saƙa zana, babu kuma garken da ke bin ta ko'ina yana rage ta. Sai ta tsallake gonakin kiwo ta shiga dazuzzukan arewacin ƙasar, ta yi ta taruwa tana bushewa. Masu bincike sun auna sun ga gobarar da ke tashi a cikinta takan ninka ta ciyayinsu na asali ƙarfi har sau 8, tana ƙone manyan itatuwa. A 2008 hukumomin yankin suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin ciyayin da suka fi addabar ƙasar baki ɗaya. Darasin a nan shi ne, tsiro yana tafiya ne da mutanen da suka san shi. Lauje da bakin saniya da hannun masaƙin zana su ne suka sa gamba ta zama alheri a wurinmu.

Yadda Muka Yi Sake

Ba rana ɗaya gamba ta ɓace daga gonakinmu ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa da auduga na sayarwa ya bunƙasa, aka fara faɗaɗa gonaki, saurar da ake bari ta huta ta riƙa raguwa. Garmar shanu, wadda Turawa suka fara yaɗawa wajen 1928, ta sauƙaƙa huɗa, amma mai garma yana son fili miƙaƙƙe, gindin gamba kuwa yana tare masa hanya. Da manyan ayyukan bunƙasa noma suka zo, irin waɗanda aka buɗe a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 da tallafin Bankin Duniya, an sami taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, amfanin gona ya ƙaru. Tare da haka motar noma ta yawaita, ita kuwa ba ta san iyakar kaka da kakanni ba.

Jama'a ta ƙaru, gonar da mutum ɗaya ya noma ta zama ta jikoki goma, kowa yana ganin taku biyun da gamba ta tsaya a kai asara ce. Kwano ya maye gurbin jinka, bulo ya maye gurbin zana, masu saƙa suka tsufa ba su sami magada ba. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya kashe gindin gamba a wurare da yawa na arewa, dabbobin da yunwa ta koro suka cinye ragowar har ƙasa, sai ƙarangiya da ire-irenta suka gaje wurin. A shekarun baya-bayan nan kuma maganin feshi ya zo ya ƙarasa abin da ya saura, domin mai feshi ba ya bambanta ciyawar cikin kunya da ta kan iyaka.

Haka nan makiyaya da burtali. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, aka ware fiye da wurare 400, amma waɗanda aka tabbatar da su a hukumance ba su kai rabi ba, da yawa kuma noma ya cinye su. Da ciyawa ta yi ƙaranci, sai saniya ta fara leƙa gona. Ba mu ce rashin gamba ne kaɗai ya haddasa saɓanin da ke tsakanin manoma da makiyaya ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da muka taso muka ga Bafillace yana sauka a gonar mahaifinmu bayan girbi, ya bar taki ya tafi da dawa, mun san abin da aka rasa.

Darasi Daga Maƙwabta

'Yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga mu shiga wannan hali, sun kuma riga mu neman mafita. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Manoma suka kira abin sassaben zamani. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram kuma, manoma da kansu suka riƙa barin 'ya'yan gawo su girma a gonaki. Bayan kimanin shekara 20, masu binciken da suka yi amfani da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Mafi yawansu gawo ne da kalgo da sabara da aduwa da magarya, wato itatuwan da ke nan tun fil azal.

Ita ma gamba ba a bar ta a baya ba. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada dasa ta sahu-sahu a gonakin gero, aka ga tana tare rairayin da iska ke kwasa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ba za mu yaudari kanmu ba. Kwazazzabon da ya riga ya yi zurfi ya fi ƙarfin ciyawa, aikin injiniyoyi ne, ƙungiya kuma za ta ci gaba da bibiyar hukumomin da abin ya shafa. Amma ruwan da ke haƙa shi daga gonakinmu na tudu yake tasowa, nan kuwa ikonmu ne. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari:

Na farko, ƙungiya ta nemi fili ko da rabin hekta ne, ta mai da shi gonar irin gamba da jema, a tattaro gindi daga 'yan wuraren da suka saura kafin su ma su ƙare. Irin gamba mai gashi ne marar nauyi, ba kuma duka ke tsirowa ba, don haka raba gindi a dasa idan ruwa ya zauna, a watan Yuli zuwa Agusta, ya fi tabbas. Wanda ke son iri kuwa sai ya tara da kaka idan kai ya nuna.

Na biyu, a yi gayya a dasa ta sahu-sahu a gicciyen gangare, kusa da kusa, a kuma tsare ta daga dabbobi a shekarar farko har ta kafu.

Na uku, muna roƙon Mai Girma Hakimi da dagatai da masu unguwanni su ja hankalin jama'a a kan fesa magani a iyakar gona, da cinna wa daji wuta a tsakiyar rani, da sare 'ya'yan gawo wajen sassabe.

Na huɗu, a zauna da Arɗo da mutanensa tun daga farko. Su ne suka fi kowa sanin inda gamba take a da, su ne kuma za su fi cin moriyarta idan aka dasa ta a gefen burtali da mashaya, aka tsara lokacin yanka da na kiwo.

Na biyar, 'ya'yanmu da suka karanci aikin gona su je Shika da Samaru su nemo mana shawarar masana. 'Yan dattawan da suka rage masu iya saƙar zana kuma a haɗa su da matasa, domin abin da ke kawo kuɗi ba a barin sa ya mutu.

Kammalawa

Mun ga yadda kakanninmu suka dasa gamba ta riƙe musu ƙasa da iyaka da dabba da naman daji. Mun ga yadda aka ɗauke ta daga Shika ta raya kiwo a wata nahiya, da yadda ta zama masifa inda ba a san yadda ake zama da ita ba. Mun kuma ga yadda muka sake ta da hannunmu. Da tsohuwar zuma ake magani. Fatarmu ita ce, idan Allah Ya kai mu fitowa ta gaba, mu kawo wa masu karatu sunayen unguwannin da suka fara dashe, da tsawon sahun da kowace ta dasa.